Ganuwar Fort Jesus ta Mombasa: Abubuwan da ya kamata ka sani

A bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa ta tsibirin Mombasa, a ƙasar Kenya, akwai wani ƙaton gini na dutsen murjani da ya haura shekara 400 a tsaye. Turawan Fotugal ne suka gina shi, suka raɗa masa suna Fort Jesus, wato sansanin Yesu. Mutanen gari, Swahili, suna ce masa Ngome. An saba ba da tarihinsa a matsayin dambe tsakanin Fotugal da Larabawan Oman. Ni a ganina wannan rabin labari ne, domin duk wanda ya riƙe ginin, sai da yardar mutanen garin yake daɗewa a ciki.

Me ya kawo Fotugal Mombasa?

Mombasa ta daɗe da zama birni kafin Bature ya san hanyarta. Ibn Battuta ya kwana a can a 1331, ya kuma rubuta cewa mazaunanta Musulmi ne mabiya mazhabar Shafi'i, masu kula da masallatansu. Arzikin garin yana tafiya ne da iska. Daga wajen Disamba zuwa Maris iska kan kaɗo daga arewa maso gabas, ta kawo jiragen fatake daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Indiya ɗauke da tufafi da tangaran. Daga Afrilu sai ta juya, su koma da hauren giwa da zinariya da katako, har da bayi.

Matuƙin jirgin Fotugal Vasco da Gama ya iso a 1498, Mombasa ba ta yi masa maraba ba. Malindi, abokiyar hamayyarta da ke arewa, ita ta karɓe shi hannu biyu, har ta ba shi jagoran da ya kai shi Indiya. Daga nan gaba ta ƙullu. Fotugal ta ƙone Mombasa a 1505, ta sake ƙone ta a 1528, amma ba ta zauna ba.

Abin da ya sa ta canza shawara shi ne zuwan wani kwamandan jiragen Turkawa, Mir Ali Beg, a 1585 da kuma 1589. Da jirage kaɗan ya zo, amma biranen gaɓar suka yi masa mubaya'a ɗaya bayan ɗaya. Fotugal ta murƙushe shi, ta kuma gane cewa muddin ba ta da mazauni na dindindin a Mombasa, hanyarta ta zuwa Goa, hedikwatarta a Indiya, ba ta da tabbas.

Yaya aka gina ta?

An fara aiki a 1593, aka kammala babban ɓangarensa a 1596, a zamanin da Sarki Filib na Biyu na Sifaniya yake haɗe da gadon sarautar Fotugal. Wanda ya zana ginin ɗan Italiya ne, Giovanni Battista Cairati, babban mai tsara gine-ginen yaƙi na Fotugal a Gabas. Kyaftin na farko shi ne Mateus Mendes de Vasconcelos.

Ba tubali aka jera daga ƙasa ba. Tudun murjani aka samu a bakin ruwa, aka sassaƙe gefensa ya zama bango, aka haƙa gwalalo ta ɓangaren tudu, sannan aka ɗora katanga a bisa da duwatsun da aka fasa. Kusurwoyi huɗu ne suka turo waje, kowace da sunan waliyyin Kirista, an kuma karkata su yadda igwar da ke kan ɗaya za ta iya harbin duk wanda ya raɓi gindin ɗaya. Daga sama, fasalin ginin ya yi kama da mutum kwance, kansa na kallon teku. Tsarin na Turai ne, amma hannun da ya fasa dutsen, ya ƙona murjani ya zama farar ƙasa, ya kwaɓa ya ɗora, akasari na maginan Swahili ne da leburorin yankin.

Ka lura da abu ɗaya. Ganuwar Kano ko ta Zazzau gari take kewayewa, don ta kare mutanen ciki. Wannan kuwa ba ta kewaye kowa ba sai sojojinta. Igwoginta suna kallon mashigar ruwa, suna kuma kallon unguwannin Mombasa. Aikinta shi ne tilasta wa kowane jirgi ya biya kuɗin fito, da tunatar da 'yan gari wane ne mai iko.

Sarkin da ya juya musu baya

Bayan gina sansanin, Fotugal ta ɗauko sarkin Malindi ta naɗa shi a Mombasa. Ladan biyayya ke nan, sai dai kyaftin-kyaftin ɗin sansanin ba su ɗauki sarautar a bakin komai ba. Rigima kan kuɗin fito da haraji ta yi tsanani har aka kashe Sarki Hasan bin Ahmad a 1614, da hannun kyaftin na lokacin a ciki.

Sai suka ɗauki ɗansa Yusuf, yana yaro, suka kai shi Goa wurin limaman coci. Aka yi masa baftisma, aka sa masa suna Dom Jerónimo Chingulia, aka aura masa mace Kirista, sannan aka maido shi kan gadon ubansa. Sun zaci sun samu nasu. Amma Yusuf ya tsinci kansa a tsaka mai wuya: 'yan gari suna masa kallon wanda ya bar addininsu, Turawa kuma suna wulaƙanta shi kamar yadda suka yi wa mahaifinsa. An ruwaito cewa an gan shi yana addu'a irin ta Musulmi a kabarin uban, labari ya kai kunnen kyaftin, Yusuf kuwa ya san abin da zai biyo baya.

A watan Agustan 1631 ya shiga sansanin da mutanensa kamar mai ziyara, suka kashe kyaftin Pedro Leitão de Gamboa. A kwanakin da suka biyo baya an kashe Kiristocin garin fiye da ɗari, Turawa da 'yan Afirka, har da mata da yara da suka fake a gidan limaman coci. Zaluncin da aka yi wa Yusuf gaskiya ne, kuma bai wanke wannan kisa ba. Rundunar da Goa ta aiko a 1632 ta kasa ƙwato ginin. Shi da kansa ya fice daga baya, Turawa suka dawo suka tarar da kango. Rubutun da ke saman ƙofar shiga har yau yana ɗauke da labarin gyaran da kyaftin Francisco de Seixas de Cabreira ya yi a 1635.

Ƙawanyar wata 33

Oman ta kori Fotugal daga Maskat a 1650, ta gina rundunar ruwa mai ƙarfi, sannan ta biyo ta gaɓar Afirka. A ranar 13 ga Maris 1696 jiragen Imam Saif bin Sultan suka iso Mombasa. Kusan mutum 2,500 suka ruga cikin sansanin da gwalalonsa, kuma Turawa a cikinsu ba su wuce 'yan gommai ba. Sauran Swahili ne da suka zaɓi ɓangaren Fotugal, kowa da dalilinsa.

Igwogin Omanawa ba su iya fasa katangar ba. Yunwa da annoba ne suka yi aikin. Ɗaukin da ya zo daga Goa a ƙarshen 1696 bai kore ƙawanyar ba, kuma zuwa tsakiyar 1697 cuta ta gama da Turawan da ke ciki. A nan ne abin mamaki ya faru. Wani basarake Musulmi daga Faza, Bwana Daud, shi ya riƙe sansanin da 'yan tsirarun mutanensa, maza da mata, har wani ɗaukin ya iso. Wato akwai lokacin da babu Bature ko ɗaya a kan katangar, amma tutar Fotugal ba ta sauka ba.

A 1697 jirgin yaƙi Santo António de Tanná ya nutse a gaban sansanin. A ƙarshen shekarun 1970 masu binciken kayan tarihi suka nutsa suka tono shi, kayansa suna cikin gidan tarihin wurin yanzu. Ranar 13 ga Disamba 1698 Omanawa suka kafa tsani suka haura, suka tarar da mutanen da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. 'Yan kwanaki bayan haka jiragen agaji suka iso daga Goa, suka hango jar tutar Oman tana kaɗawa, suka juya.

Daga Mazrui zuwa kurkukun Ingila

Fotugal ta sake shigowa a 1728, amma 'yan gari suka yi mata bore, ta fita a 1729, fitar da ba ta sake dawowa ba. Gidan Mazrui, waɗanda Oman ta naɗa gwamnoni, suka ɓalle a shekarun 1740 lokacin da gidan Busaidi ya karɓi mulki a Oman. Kusan shekara ɗari suna mulki daga cikin sansanin, kuma a zamaninsu ne mashahurin mawaƙin Swahili, Muyaka, ya rayu. Da Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya matsa musu, suka nemi kariyar Ingila, wani kyaftin William Owen ya kafa musu tuta a 1824, London kuwa ta janye ta a 1826. Abin da ya kayar da su a 1837 shi ne rabuwar kai a cikin gida, da komawar wasu manyan Swahili bayan Sa'id.

A 1875 kwamandan sansanin, wanda ake kira al-Akida, ya yi wa Sarkin Zanzibar, wanda Mombasa ke ƙarƙashinsa a lokacin, tawaye, jiragen yaƙin Ingila suka yi masa ruwan wuta har ya miƙa wuya. Daga 1895 Turawan Ingila suka mai da wurin gidan yari, ya ci gaba da zama haka har 1958. Duk da haka jar tutar Sarkin Zanzibar ce ke kaɗawa a samansa har samun 'yancin Kenya a 1963, domin a takarda gaɓar tekun tasa ce, haya Ingila ta karɓa.

Wanda ya san Elmina da Cape Coast a Ghana zai iya zaton nan ma rumbun tara bayi ne. Babban aikinsa barikin soja ne da karɓar kuɗin fito. Amma cinikin bayi ya bi ta tashar da yake gadi, musamman a ƙarni na 19, kuma a tsallaken ruwan ne aka kafa Freretown a 1875 don tsugunar da bayin da aka 'yantar.

Me za ka gani a yau?

Bayan rufe kurkukun, mai binciken kayan tarihi James Kirkman ya jagoranci tono daga 1958 zuwa 1971, da tallafin gidauniyar Gulbenkian ta Fotugal. A ciki akwai tangaran na Sin da Farisa, da ɗakin da ake kira Gidan Oman, da matattarar ruwan sama, da hanyar da aka sassaƙa cikin dutse mai sauka zuwa bakin teku. Abin da ya fi taɓa ni shi ne wani bango da sojoji ko matuƙan Fotugal suka yi wa zane da gawayi a farkon ƙarni na 17: jirage, kifaye, coci, mutane riƙe da takubba. Zanen mutanen da suke nesa da gida ne, suna jiran iska ta juya.

Hukumar UNESCO ta sanya Fort Jesus cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2011. Manyan jirage sun daɗe da komawa Kilindini, a ɗaya gefen tsibirin, inda ruwa ya fi zurfi. Barazanar yanzu daga teku take: igiyar ruwa na cin dutsen murjanin da ginin ke zaune a kai, abin da ya sa gwamnatin Kenya ta gina shingen kankare a gindinsa.