Dusar farko ce ke yanke hukuncin hunturu a tsaunukan Alpe

Ranar 10 ga watan Fabrairu na shekarar 1970, da safe, dusar ƙanƙara ta zabto daga tsauni ta faɗa wa wani masaukin matasa a garin Val d'Isère, cikin ƙasar Faransa. Mutum 39 suka rasu. Bayan wannan masifa ne aka kafa ƙungiyar ANENA a Grenoble, a 1971, domin nazarin dusa da zabtarewarta. Masana kuwa sun tabbatar da cewa haɗarin da ke cin rayuka a Janairu ko Fabrairu, sau da yawa tun Nuwamba yake samo tushe.

Ga yadda al'amarin yake. Dusa hawa-hawa take taruwa, kowane zubi yana shimfiɗuwa bisa na baya. Shimfiɗar farkon hunturu ba ta da kauri. Ƙasar da ke ƙarƙashinta tana tsayawa kusa da digiri 0, alhali iskar dare tana iya kaiwa digiri 15 ƙasa da sifili. Wannan bambanci shi ke sa tururin ruwa ya riƙa hawa cikin dusar, har ƙwayoyinta su rikiɗe su koma kamar sukari, ba su kama juna. In sabuwar dusa ta sauko, iska ta daddale ta, sai ta zama daɓe mai nauyi bisa tushe maras ƙarfi. Kowane mahaƙin rijiya ya san ƙarshen yumɓun da ke zaune bisa rairayi.

Saboda haka ma'aikatan tsauni ba su yarda da abin da ido ya gani a sama. Sukan haƙa rami har ƙasa, su gwada taurin kowace shimfiɗa da dunƙulen hannu, da yatsa, da fensir, da wuƙa. Sannan su yanke wani ginshiƙi na dusa, su aza masa shebur, su yi ta bugawa har sau 30, suna lura da inda zai tsage. Amma rami guda ba ya ba da shaidar tsauni duka. Dole a haɗa da wasu alamu: tsagar da ke gudu a gaban mai tafiya, ƙarar dusa in ta lotsa ƙarƙashin ƙafa, da sawun zabtarewar kwanan nan. Gangaren da ya fi haɗari shi ne mai karkatar digiri 30 zuwa 45.

Tun 1993 ƙasashen Turai suke aiki da ma'auni guda, daga mataki na 1 zuwa na 5, kuma hukumar Météo-France tana fitar da sanarwa kullum cikin hunturu. Abin lura, an fi mutuwa a mataki na 3, domin a lokacin ne tsauni ke kama da lafiyayye. Wanda dusa ta binne, in ba a tono shi cikin minti 15 ba, fatan samunsa da rai yana raguwa ƙwarai.

Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Wanda bai san abin da ya zuba a Nuwamba ba, bai san abin da yake takawa a Fabrairu ba.