Jirgin Ƙarƙashin Teku: Me Ya Sa Nijeriya Ba Ta Da Ko Ɗaya?

Wata ranar Asabar bayan sallar isha'i muna zaune a dakalin ƙofar gidanmu a cikin birnin Zariya, an ɗauke wuta tun la'asar, sai ƙanena da ke aji biyar na sakandare ya miƙo mini waya. Bidiyo ne na wani baƙin jirgi mai kama da ƙaton kifi yana ɓullowa daga cikin teku, ruwa na kwarara ta gefensa. A ƙasa an rubuta cewa na sojojin ruwan Masar ne.

"Yaya, mu namu guda nawa ne?"

Na ce masa ba mu da ko ɗaya. Bai yarda ba. Yaron nan burinsa ya zama sojan ruwa, duk da cewa ruwa mafi girma da ya taɓa gani shi ne dam ɗin jami'a a Samaru, don haka amsar ta sosa masa rai. Ni ma a lokacin ban iya gaya masa dalili ba. Hutun zangon karatu ya ba ni damar bin diddigin maganar, kuma abin da na gano ya sa na daina jin kunyar amsar da na ba shi.

A Afirka ƙasashe uku ne ke da irin waɗannan jiragen suna aiki: Masar da Aljeriya da Afirka ta Kudu. Babu wadda ta ƙera nata a cikinsu, duk sayowa suka yi. Aljeriya na da shida daga Rasha. Masar ta karɓi sababbi huɗu daga Jamus tsakanin 2016 da 2021. Afirka ta Kudu na da uku, su ma daga Jamus, waɗanda suka fara aiki tsakanin 2005 da 2008, kuma duka sunayen jaruman mata aka sa musu: Manthatisi da Charlotte Maxeke da Sarauniya Modjadji. Da na karanta wannan sai na ce a raina, duk ranar da muka samu namu, ai mu Zazzagawa muna da sunan da za mu bayar tun kafin a tambaye mu.

Janareta da batir a ƙarƙashin ruwa

Jiragen ƙarƙashin teku iri biyu ne. Akwai masu aiki da makamashin nukiliya, waɗanda ƙasashe shida kaɗai ke da su: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin da Indiya. Waɗannan ba kayan da ake baje wa a kasuwa ba ne. Sai kuma masu aiki da man gas da batir, su ne ake ciniki a kai, su ne kuma maganarmu a yau.

Duk wanda ya taso a gidan da ake tayar da janareta a yi cajin batir, sannan a kashe shi a kwana da fanka, ya riga ya san yadda jirgin ke aiki. Injin man gas ba ya tashi sai da iska, a cikin ruwa kuwa babu ita. Saboda haka jirgin kan taso dab da saman ruwa ya miƙo wani bututu waje, ya shaƙi iska, injinan su cika batir. Daga nan sai a kashe su, a janye bututun, a nutse, batir ya ci gaba da juya farfela. Batirin ba irin namu na gida ba ne. A samfurin 209 na Jamus akwai guda 480 jere a cikin jirgi, kowanne nauyinsa ya kusa rabin tan.

Nutsewar ma ba ta da wani asiri. Yaran da ke iyo da jarka a kududdufi sun san cewa idan iska ce a cikinta ba ta nutsewa, idan ta cika da ruwa sai ta yi ƙasa. Jirgin yana da manyan tankuna a jikinsa: a buɗe su ruwa ya shiga ya nutse, a hura musu iska mai ƙarfi ruwan ya fita ya taso.

Ƙarfin jirgin yana cikin shirunsa. A ƙarƙashin teku ba a gani, da kunne ake farauta, kuma jirgin da ke tafiya a hankali kan batir kusan ba ya ƙara. Rauninsa shi ne batir na ƙarewa. Bayan kwana biyu ko uku dole ya taso ya shaƙi iska, a lokacin ne kuma jirgin sama ko na'urar hangen abokan gaba ke iya gano shi. Injiniyoyi sun daɗe suna neman maganin wannan. 'Yan Suwidin sun sa wa nasu wani inji da ke aiki da iskar oksijin da aka adana a tanki. Jamusawa na haɗa haidirojin da oksijin su samar da lantarki ba tare da hayaniya ba. Da irin waɗannan dabaru jirgi na iya kai mako biyu, har fiye, bai leƙo ba. Japan kuma a 2020 ta fara aiki da jirgi mai batirin litiyam, dangin wanda ke cikin wayar da kake riƙe da ita.

Me ya sa ƙasashe ke rububinsa? A 2005 Amurka ta ɗauki hayar jirgin Suwidin mai suna Gotland, da ma'aikatansa, don sojojinta su koyi farautar irinsa. A wajen atisaye, ɗan jirgin nan ya ratsa duk masu gadi ya kai inda zai iya harbin USS Ronald Reagan, ƙaton jirgin da ke ɗaukar jiragen yaƙi na sama, ya fice ba a gan shi ba. A yaƙin gaske ma an gani: a watan Disamba na 1971 jirgin Pakistan mai suna Hangor, ƙirar Faransa, ya nutsar da jirgin yaƙin Indiya Khukri. Ƙasa mai irin wannan jirgi ko guda biyu ne tana tilasta wa babbar ƙasa ta yi tunani kafin ta matso gaɓarta, tunda ba ta san inda suke ba.

Masu sayarwa

Jamus ce gaba a wannan kasuwa. Samfurin 209, wanda aka fara ƙerawa a garin Kiel aka miƙa wa Girka na farko a 1971, an yi fiye da 60 an sayar wa ƙasashe sama da goma, daga Turkiyya zuwa Peru. Faransa na sayar da Scorpène, wanda Chile da Malesiya da Indiya da Burazil suka saya. Rasha na da Kilo, irin na Aljeriya. Sin ta shigo daga baya da farashi mai sauƙi: ta sayar wa Bangladash tsofaffi biyu da aka yi wa kwaskwarima kan dala miliyan 203, ta kuma ƙulla yarjejeniyar sababbi takwas da Pakistan a 2015.

Ciniki ne da siyasa ke tafe a cikinsa. A watan Satumba na 2021, da Ostireliya ta soke kwangilar jirage 12 da ta ba Faransa ta koma wajen Amurka da Birtaniya, Faransa ta yi fushin da har ta kira jakadunta gida daga ƙasashe biyu.

Sayen doki da riƙon doki

A birninmu kowa ya san cewa sayen doki ba shi ne wahala ba. Hawan salla kwana kaɗan ne a shekara, amma harawa da dusa da kanwa da mai kula da barga kullum ne. Nan ne na fi daɗewa a bincikena, domin nan ne amsar ƙanena take.

Tailan ta sa hannu da Sin a 2017 kan jirgi guda, bisa sharaɗin za a sa masa injin kamfanin MTU na Jamus. Ana cikin aiki Jamus ta ce ba za ta bari a kai injin ba, saboda takunkumin makamai da Turai ta sa wa Sin tun 1989. Tailan ta biya kuɗi masu yawa, gangar jirgi na ajiye, babu inji. Shekaru aka kwashe ana ja-in-ja kafin ta haƙura da injin ƙirar Sin. Wato ƙasa ta uku, wadda ba ita ta saya ba kuma ba ita ta sayar ba, ta tsayar da cinikin. Haka abin yake har bayan an kawo jirgi: batir na bukatar canji bayan 'yan shekaru, makaman da yake harbawa da kayan gyaransa duk daga wajen mai ƙira suke fitowa. Wanda ya saya ya ɗaura aure ne na shekara talatin da ƙasar da ta sayar masa, ranar da aka ɓata kuma jirgin ya zama ƙarfe a bakin ruwa.

Afirka ta Kudu, wadda ta fi mu masana'antu, an sha kawo rahoton cewa jiragenta uku na zaman jiran babban gyara saboda ƙarancin kuɗi. Libiya ta sayi shida daga Tarayyar Sobiyet a zamanin Gaddafi, suka lalace a tashar ruwa.

Kuma kuskure a wannan sana'a rai yake ci. Ranar 15 ga Nuwamba, 2017, jirgin Ajantina mai suna San Juan ya aiko da saƙon cewa ruwa ya shiga ta bututun iska ya taɓa batir. Daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Sai bayan shekara guda aka gano shi a zurfin kusan mita 900, da mutum 44 da ke ciki. Ranar 21 ga Afrilu, 2021, Nanggala na Indonesiya, wanda ya shekara 40 yana aiki, ya nutse kusa da tsibirin Bali da mutum 53. Mota in ta lalace a hanyar Kaduna sai a gangara gefe a jira bakanike. A can ƙasa babu gefen titi.

Mu ma muna da namu darasin, ko da yake a saman ruwa. NNS Aradu, babban jirgin yaƙinmu da aka ƙera a Hamburg ya fara aiki a 1982, mai sunan Hausa ma kuwa, ya shafe shekaru masu yawa a ɗaure, sai a 2023 aka ba kamfanin Dearsan na Turkiyya aikin farfaɗo da shi. Idan riƙon wanda ke yawo a sarari ya ba mu wuya haka, ina ga wanda ƙaramin tsagu a jikinsa ke nufin mutuwar kowa?

To mu fa?

A ganina, ko da kuɗin na nan a ajiye, ba yanzu ba. A duba abin da ke damun ruwanmu. A 2020 an sace ma'aikatan jirgi 130 a mashigin tekun Gini, cikin 135 da aka sace a duk duniya. Masu wannan aiki da ƙananan kwale-kwale masu gudu suke zuwa. Ɓarayin ɗanyen mai a cikin ƙoramun Neja Delta suke, inda ruwa ba shi da zurfin da jirgi zai nutse. A tafkin Chadi, inda sojojin ruwanmu ke da sansani a Baga, maganar ma ba ta taso ba. Waɗannan matsaloli jiragen sintiri da jirage masu saukar ungulu da na'urorin sa ido suke bukata, kuma kuɗin jirgin ƙarƙashin teku guda zai sayi da yawa daga cikinsu.

Akwai masu cewa ƙasa mai gaɓar teku ta kilomita 853 da rijiyoyin mai a tsakiyar ruwa bai kamata ta jira sai wuta ta kama ba, tunda horar da ma'aikatan irin wannan jirgi na ɗaukar shekaru. Maganarsu na da ƙarfi, ban raina ta ba. Sai dai in za a bi ta, hanyar Koriya ta Kudu ya kamata a duba. Jirginta na farko a Jamus aka ƙera shi, ya fara aiki a 1993. Sauran a gida ta harhaɗa su, injiniyoyinta na koyo. A 2011 ita ce ta sayar wa Indonesiya guda uku, a 2021 kuma ta ƙaddamar da wanda ta zana da kanta. Abin da ta fi saya daga Jamus ilimi ne. Ta iya ɗaukar ilimin ne kuwa saboda tana da masu walda da masu lantarki da injiniyoyin da za a koya wa.

Mun ɗan taka wannan hanya. Ma'aikatar ƙera jirage ta sojojin ruwa da ke Legas ta haɗa NNS Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, da Oji a 2021. Ƙanana ne, na sintiri, amma hannun 'yan ƙasa ne ya yi su. Kuma bai kamata ɗan Arewa ya ɗauka wannan harka ta mutanen bakin teku ce kaɗai ba. Makarantar koyon fasahar makamai ta sojojin ruwa a Kachia take, nan jihar Kaduna. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA, wadda ke yaye hafsoshin ruwa, tana Kaduna. Jami'ar Ahmadu Bello na koyar da injiniyan lantarki da na injina da na sarrafa ƙarafa, fannonin da jirgin nan ya dogara da su kacokan. Mutum talatin ne ko sama da haka ke shiga cikinsa, amma ɗaruruwa ne a tudu ke sa shi ya dawo lafiya.

Da na gama zayyana wa ƙanena duk wannan, bai ce ya gamsu ba. Har yanzu yana ganin abin kunya ne Aljeriya na da shida mu ba mu da ko ɗaya, ya kuma ce ni dai na cika lissafin kuɗi kamar 'yan kasuwar Sabon Gari. Amma ranar Litinin da ya dawo daga makaranta na same shi tsugune a shagon mai gyaran janareta na bakin layinmu, yana tambayarsa me ke faruwa idan ruwan gishiri ya taɓa batir.