Tsokar Da Ke Ɓoye A Sha-Raɓa Da Aikin Ƙara Wa Ƙafa Tsawo

Daga Gagarawa Tasha har kasuwar Maigatari, ba wuya mu haɗu da wanda ƙafarsa ɗaya ta gajarce, ko saboda shan-inna, ko karayar da ɗorinta bai yi kyau ba. A 2020 aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar shan-inna daga Afirka, amma waɗanda ta taɓa suna nan cikinmu.

To, Allah Ya sanar da likitoci dabarar ƙara wa ƙashi tsawo, kuma ana wannan aiki a Asibitin Ƙashi na Dala, Kano. Likita Gavriil Ilizarov na Kurgan, ƙasar Rasha, shi ya kyautata dabarar a shekarun 1950. Akan yanke ƙashin ƙwauri, a kewaye ƙafa da zobban ƙarfe, ana murza noti domin ƙashin ya buɗe milimita 1 kowace rana, sabon ƙashi yana tsirowa a tsakani. Santimita 5 kwana 50 ke nan, ban da watannin jiran ƙashin ya yi ƙwari.

Sai dai ƙashi ya fi tsoka biyayya. A sha-raɓa, ƙarƙashin tsokar da muke gani, akwai wata mai faɗi kamar kifi, likitoci na kiranta soliyas. Ta faro daga bayan ƙasusuwan ƙwauri biyu, ta gangara ta haɗu da ta sama, suka zama agara, wadda ke kame da dunduniya. Ita ke hana mu kifewa idan muna tsaye, ita kuma ke tunkuɗa jini sama wajen zuciya yayin tafiya. Idan ƙashi ya miƙe ita ba ta bi shi ba, sai ta fizgi dunduniya sama, mutum ya dinga taka ƙasa da yatsu kawai. Ƙafa ta yi tsawo, alhali tsayuwar Salla ta gagara daidai.

Malamai sun bambanta gyaran nakasa, wanda magani ne, da ƙarin tsawo don ado. Magana tamu kan na farko ce. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da zai kai ɗansa, ya sani murza noti rabin aiki ne. Kullum sai an tanƙwaro tafin ƙafar sama, gwiwa a miƙe domin tsokar sama, sa'an nan a lanƙwashe domin soliyas, tun da ita ba ta ƙetare gwiwa ba. Da dare a ɗaure ƙafar kada ta faɗi. In aka yi sakaci, wataƙila sai an sake fiɗa domin a ƙara wa agarar tsawo.