Amsoshin Wasiƙunku: Mura da Dattijon da Aka Yi wa Dashen Ƙoda

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi. Ya ce mahaifinsa ya haura shekara 65, an yi masa dashen ƙoda shekara uku da suka wuce. Da hunturu ya shigo mura ta zagaye gidan, jikoki suka warke, shi kuwa Baba cikin kwana huɗu sai da aka kwantar da shi a asibiti ana ba shi iskar oksijin. Yanzu ya samu sauƙi, amma maƙwabta na cewa magungunan da yake sha kullum ne suka cinye masa ƙarfi, a dakatar da su. Yana tambaya, shin a dakatar?

To Malam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amsa ita ce a'a, kada ku kuskura. Ga dalili.

Allah ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa mai yaƙar duk wani baƙon abu. Kamar karen gadi ne a gida, bai san ɓarawo ba, bai san baƙon kirki ba, kowa haushi yake yi masa. Ƙodar da aka dasa baƙuwa ce. Shi ya sa dashen farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, don jiki bai ga baƙo ba. Sauran mutane kuwa sai an ɗaure karen. Magunguna irin su tacrolimus da mycophenolate da prednisolone su ne igiyar, kuma shan su har iyakar rai ne. In an kwance, jiki zai far wa ƙodar, a koma wankin ƙoda, kuɗi da wahalar da aka sha su tafi a banza.

Sai dai maƙwabtanku ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kare yana ɗaure, ɓarawo ya samu hanya. Ƙwayoyin bairos masu kawo mura, irin su fulu da RSV da korona, a jikin mai lafiya galibi a hanci da maƙogwaro suke tsayawa. A jikin mai dashe sukan gangara huhu su zama limoniya, su daɗe ba su fita ba, wani lokaci wata ƙwayar cutar ta biyo bayansu. Ga kuma tsufa, ga hawan jini ko ciwon suga, waɗanda sau da yawa su ne suka kashe ƙodar tun farko. A shekarar 2020, farkon annobar korona, rahotannin asibitocin Turai da Amurka sun nuna wajen mutum 1 cikin 5 na masu dashen ƙoda da aka kwantar ya rasu, wani wurin ma fiye, kuma tsofaffi abin ya fi taɓawa.

Abin lura, prednisolone yana iya ɓoye zazzaɓi. Kada ku jira sai jiki ya yi zafi rau. Ku sayi ma'aunin zafin jiki. In ya kai 38, ko kun ga Baba yana haki, ko ƙirji na ciwo, ko ya rikice yana magana ba kai, ko fitsari ya ragu, ko amai da gudawa sun hana magani zama, to a ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba, ba sai bayan cin kasuwa ba. Ko murar ba ta yi tsanani ba, ku buga wa likitansa waya tun ranar farko, domin maganin fulu, wato oseltamivir, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 48. Kuna shiga ku ce mai dashen ƙoda ne, ku nuna katinsa da kwalayen magungunansa. In ciwo ya yi tsanani likita kan rage wani daga cikinsu na ɗan lokaci, yana auna jini. Wannan aikinsa ne, ba na gida ba.

Hattara da kemis. Ibuprofen da diclofenac, da 'yan haɗe-haɗen nan na ciwon jiki, suna lahanta ƙoda. Erythromycin da clarithromycin, har da maganin korona Paxlovid, suna sa tacrolimus ya taru a jini ya zama guba. Jiƙo da sassaƙe ma a ajiye su.

Sai batun rigakafi. Ku tambayi likita allurar fulu da ta korona da ta limoniya, mutanen gida ma su yi. Amma allurar ciwon shawara da ake yi wa matafiya tana ɗauke da ƙwaya mai rai, ba a yi wa mai dashe. In Baba zai tafi Hajji ko Umara, likitansa ne zai fara ji.

A gida kuwa, jika mai majina a nisanta shi da shimfiɗar Baba har ya warke. A ware masa kofi da cokali, a riƙa wanke hannu da sabulu, ya sa takunkumi in zai shiga kasuwa ko motar haya ko taro. 'Yan dubiya mu ma mu yi hankali. Mai tari ya yi gaisuwarsa daga zaure ko ta waya, ladansa na nan.

Tun 2002 Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda, wasu kuma Indiya ko Masar suke zuwa, saboda haka masu dashe suna nan cikinmu har a ƙauyuka. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba.

Malam, a gaida Baba da jiki. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.