Zauren Taro Na Bankuba: Yadda Kiyaye Muhalli Ya Zama Jarin Kasuwanci

A bakin gaɓar teku a birnin Bankuba, cikin lardin British Columbia da ke yammacin ƙasar Kanada, akwai wani katafaren zauren taro wanda masana harkar gine-gine suke buga misali da shi a duk lokacin da ake zancen tattalin ruwa da wutar lantarki. Zauren, wanda aka fi sani da Vancouver Convention Centre, mallakar gwamnatin lardin ne, kuma kamfaninta mai suna PavCo ne yake gudanar da shi.

Zauren ya kasu gida biyu. Ɓangaren gabas shi ne ginin da ƙasar Kanada ta yi amfani da shi a matsayin rumfarta a bikin baje kolin duniya na shekarar 1986, aka mayar da shi zauren taro a 1987. Ɓangaren yamma kuwa an buɗe shi ne a watan Afrilun 2009, kuma a nan ne aka kafa cibiyar watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin lokacin wasannin Olamfik na hunturu da birnin ya karɓi baƙuncinsu a 2010.

Duk wanda ya taɓa riƙe zauren biki ko otal ya san inda kuɗi suke zurarewa. Dubban mutane sukan taru a wuri guda na kwana biyu ko uku, ana sanyaya musu ɗaki ko ɗumama shi, ana dafa musu abinci, suna amfani da bayan gida, sa'annan su watse su bar tulin shara. Waɗannan ƙofofi na ɓarna su ne magina ɓangaren yamma suka sa a gaba tun daga zanen ginin.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne rufin ginin. Maimakon kwano ko kankare tsirara, an shimfiɗa masa ƙasa aka shuka tsirrai da ciyayi 'yan asalin yankin fiye da 400,000, a kan fili mai faɗin eka shida, wanda ya sa babu rufi irinsa mafi girma a duk faɗin Kanada. Amfanin wannan ba ado ba ne kawai. Ƙasar da ciyawar suna tare zafin rana a lokacin bazara, suna kuma riƙe ɗumin cikin ginin a lokacin hunturu, don haka injinan sanyaya ɗaki da na ɗumamawa ba sa wahala kamar yadda za su yi a ƙarƙashin rufi na yau da kullum. Bugu da ƙari, rufin yana shanye wani kaso na ruwan sama kafin ya kwarara magudanai. Sau ɗaya a shekara ake yanke ciyawar, kuma ba a barin jama'a su hau. An ajiye amyoyin ƙudan zuma a kansa, inda zuman da ake samu yake shiga ɗakin girkin zauren.

Dabara ta biyu ita ce amfani da ruwan teku. Kasancewar sanyin ruwan teku ba ya sauyawa sosai tsakanin rani da hunturu kamar yadda iska take yi, sai ake zuƙo shi ya bi ta cikin wasu injina masu musayar zafi. Idan ana zafi, injinan su kwashe zafin cikin ginin su zuba wa ruwan. Idan ana sanyi, su tatso ɗan ɗumin da ke cikin ruwan su shigar da shi ɗakunan taro. Hikimar ita ce, ɗauke zafi daga wani wuri zuwa wani ya fi arha a kan ƙona mai ko iskar gas don samar da shi.

Ta uku kuwa ta shafi ruwan da aka riga aka yi amfani da shi. Ginin yana da matatarsa ta kansa wadda take tace ƙazamin ruwan da ya fito daga bayan gida da wuraren wanke hannu, sa'annan a mayar da shi don kora bayan gida da kuma ban ruwan rufin a lokacin rani. Ta haka ba a ɓarnatar da tsabtataccen ruwan sha wajen aikin da bai buƙace shi ba.

Da yake kusan kashi 40 cikin 100 na ginin a kan ruwa yake tsaye, an kuma yi la'akari da halittun teku. An kewaye gindinsa da wasu matakai na kankare da suka gangara cikin ruwa, waɗanda suka zama matattarar ciyayin teku da ƙaguwa da ƙananan kifaye, a wurin da a da can filin jiragen ƙasa da masana'antu ne.

Saboda waɗannan matakai ne ginin ya sami shaidar LEED mai darajar Platinum a 2010, wadda ita ce ƙololuwa a tsarin auna ingancin gine-gine ta fuskar muhalli, kuma shi ne zauren taro na farko a duniya da ya same ta. A 2017 ya sake samun wata shaidar mai wannan daraja. Bambancin shi ne ta farko ta duba yadda aka gina shi, ta biyu kuwa ta duba yadda ake tafiyar da shi kullum: ruwa nawa ake sha, wuta nawa ake ƙonawa, ina shara take tafiya. Wannan ta biyun ita ce ta fi wuya, domin gini mai kyau yakan lalace a hannun masu riƙon sakainar kashi.

Sai dai aikin bai zo da arha ba. An fara shi da ƙiyasin dalar Kanada miliyan 495, amma kafin a kammala kasafin kuɗinsa ya kai kimanin miliyan 883. Wannan ƙari ya jawo wa gwamnatin lardin suka mai zafi, har babban mai binciken kuɗi na lardin ya gudanar da bincike a kansa a 2007. Ba kayan kiyaye muhalli ne kaɗai suka haddasa ƙarin ba, domin tsadar kayan gini da sauye-sauyen da aka yi wa aikin sun taka rawa, amma darasin a fili yake: kuɗin farko yana da nauyi, ribar kuma a hankali take dawowa.

Ribar tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce raguwar kuɗin ruwa da makamashi shekara bayan shekara. Ta biyu ita ce ciniki. Manyan ƙungiyoyi da kamfanoni masu shirya tarukan ƙasa da ƙasa sukan tambayi tsarin kiyaye muhalli na zaure kafin su ba da kwangila, musamman tun bayan fitowar ma'aunin ISO 20121 a 2012, wanda ya tsara yadda za a shirya taro ba tare da ɓarna ba. Zauren da ke da shaida a hannu yana gaban wanda ba shi da ita. A 2014 ne mashahurin taron nan na TED ya koma wannan zaure daga jihar Kalifoniya ta Amurka.

Ba kowane mai zaure ne yake da teku a ƙofarsa ba, ba kowa ne kuma yake da jarin gwamnati a bayansa ba. Amma ginshiƙin tsarin bai dogara da waɗannan ba. Kowane mataki da aka ɗauka a Bankuba ya faro ne daga abin da wurin yake da shi a yalwace, wato ruwan sama da ruwan teku. Mai zaure a ƙasa mai zafin rana, wanda kuɗin man janareta ya fi komai cin ribarsa, nasa lissafin zai fara ne daga rufin da ke tare zafi, da farantan wutar hasken rana, da mitar da za ta nuna masa abin da kowane taro ya ci.