Jinka Ake Sakewa, Bango Yana Nan

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san ba a rushe ɗaki don jinka ta tsufa. Damina na ƙaratowa sai a kwance tsohon shuci, a sake baibaya a kan tsaikon da ke nan, bango kuwa ba a taɓa shi. Haka ake gina takalmi sau-ciki na asali a Northampton ta Ingila, garin da Tricker's ke ɗinka takalma tun 1829, Crockett & Jones kuma tun 1879.

Fatar sama ita ce bango. Ana jan ta a kan wata ƙafar katako har ta ɗauki siffa. Sannan a kawo siririn zirin fata, a ɗinka shi zagaye da gefen takalmin, ya haɗa fatar sama da shimfiɗar ciki. Wannan zirin shi ne tsaiko, domin a jikinsa ake ɗinka tafin da ke taka ƙasa. Ramin da ya rage a tsakani ana cike shi da ɓawon wata bishiya mai laushi, wanda a hankali yake lotsawa daidai da sawun mai shi. Ran da tafi ya cinye, sai a farke ɗinkin waje kawai a sa sabo. Da basilla da zare mai kaki ake yin aikin, kafin keken ɗinki na Goodyear ya sauƙaƙa shi a ƙarni na 19.

A Italiya an fi son ɗinkin Blake, wanda ke ratsa tafi kai tsaye zuwa ciki. Ba nauyi, ga kyan gani, amma ruwa kan bi ɗinkin ya shiga.

Fasali kuma wani zance ne. Takalmin Oxford bakin igiyarsa a rufe yake daga ƙasa, shi ake sawa da kwat. Derby a buɗe yake, mai tudun ƙafa ya fi sakewa a ciki. Hujojin adon brogue kuwa, an ce asalinsu mafitar ruwa ce ga masu ratsa fadamun Sukotland da Ailan.

Sai dai a kula, yawancin takalman kasuwa gam ne ya riƙe su, ɗinkin da ke gefe na ado ne. Kafin ka biya kuɗi, tambayi mai shago ko ana iya sake wa takalmin tafi.