Shin Ko Kun San? Yaran Amurka Masu Karatu Da Sinanci, Da Masu Riƙe Hannunsu Idan Sun Yi Tuntuɓe

Shin ko kun san cewa a Amurka akwai makarantun gwamnati da yaro ɗan shekara biyar ko shida zai shiga aji, malama ta tarbe shi da Sinanci, ta koya masa lissafi da Sinanci, ta raba faɗa tsakaninsa da abokinsa da Sinanci, alhali a gidansu babu mai jin ko kalma ɗaya ta harshen? Wannan ba darasin harshe na minti arba'in ba ne. Rabin yini ne, a wasu makarantun ma kusan yini guda, ana koyar da darussan yau da kullum da Mandarin, wato daidaitaccen Sinancin da ake karatu da shi a ƙasar Sin da Taiwan. Tsarin tsunduma ke nan: a tsoma yaro cikin harshe ya rayu a ciki, ba a tsaya ana ba shi labarinsa ba.

Ba a Amurka aka faro dabarar ba, ba kuma da Sinanci ba. A shekarar 1965 ne wasu iyaye masu jin Turanci a garin Saint-Lambert, kusa da Montreal a Kanada, suka matsa wa hukuma lamba a koyar da 'ya'yansu da Faransanci tun daga ajin farko. Masani Wallace Lambert na Jami'ar McGill ya bi sawun yaran shekara da shekaru yana auna sakamakonsu, daga nan tsarin ya bazu.

Makarantar farko da ta gwada shi da Mandarin a Amurka ta kuɗi ce, Chinese American International School a birnin San Faransisko, a 1981. Sai a 1996 makarantar gwamnati ta bi sahu, firamaren Potomac a jihar Maryland. Firamaren Woodstock a birnin Portland na jihar Oregon ta fara a 1998, Yinghua Academy ta buɗe a birnin Saint Paul a 2006. Wata ƙidaya da aka yi a 2021 ta gano shirye-shiryen karatu da harsuna biyu fiye da 3,600 a makarantun gwamnatin ƙasar. Kusan kashi 80 cikin 100 na Sifaniyanci ne, Sinanci ne na biyu, da shirye-shirye fiye da 300.

Shin ko kun san cewa a wannan birni na San Faransisko, shekara bakwai kacal kafin buɗe waccan makaranta, sai da aka je Kotun Ƙoli a kan 'ya'yan Sinawa? Shari'ar Lau da Nichols ke nan, wadda aka yanke a 1974. Yara kimanin 1,800 'yan asalin Sin suna zaune a azuzuwa ana karatu da Turancin da ba su ji, kuma hukumar makarantun birnin ba ta ba su wani taimako na musamman ba. Kotu ta ce bai wa yaro littafi ɗaya da malami ɗaya da sauran yara bai zama adalci ba idan bai fahimci harshen da ake magana da shi ba. Ina ganin duk mai son gane tsarin tsunduma ya fara daga nan. Akwai bambanci tsakanin a koya wa yaro iyo a bakin gaɓa ana riƙe da shi, da a jefa shi tsakiyar kogi a ce ya fito. Mu da 'ya'yanmu ke shiga aji ɗaya a Kano ko Maraɗi su tarar da Turanci ko Faransanci a kan allo, mun san wanne ne ya fi faruwa idan babu tanadi.

Jihar da ta fi kowace rungumar tsarin ita ce Yuta. A 2008 majalisarta ta zartar da dokar da ta ware masa kuɗi, zamanin gwamna Jon Huntsman, wanda shi kansa yana jin Mandarin, ya koya a Taiwan, daga baya kuma ya zama jakadan Amurka a Sin. A 2009 aka fara da makarantu 25, da harsunan Sinanci da Faransanci da Sifaniyanci. Malamai biyu ke riƙe da yara: ɗaya rabin yini da Turanci, ɗaya rabin yini da harshen da aka zaɓa. Ƙa'ida ce mai koyar da Sinanci ba ta yi wa yaran Turanci, ko da ta iya shi sarai.

To yaya yaron yake ji? Makonnin farko akwai gajiya. Yaro na dawowa gida a galabaice, wani da kuka, wani ya ce ba zai koma ba. Da yawa sukan yi shiru na wani lokaci, suna saurare suna kallon hannun malama da fuskarta da hotunan da take ɗagawa, kafin baki ya buɗe. Kalmar da ke fara zama a bakinsu ita ce "laoshi", wato malam ko malama, da ita suke kiran mai koyar da su har su gama makaranta. Abin da ke ba manya wahala, wato karin sauti, shi yara ke saurin kamawa. Mandarin na da karin sauti huɗu, gaɓar "ma" kan zama uwa, ko doki, ko zagi, gwargwadon yadda murya ta tashi ko ta sauka. Bature baligi yakan sha fama da wannan. Bahaushe kuwa ba baƙonsa ba ne, tunda da murya muke raba kukan jariri da kukar miya.

Tambayar da kowane uba ke fara yi ita ce: Turancin ɗana ba zai lalace ba? Portland ta ba da amsa mai ƙarfi, saboda a can da ƙuri'a ake raba gurabe idan masu nema sun yi yawa. Wannan ya ba masu bincike na cibiyar RAND da abokan aikinsu damar kwatanta yaran da ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa musu ba, duka daga iyalai masu son abu ɗaya. Sakamakon da aka buga a 2017 ya nuna 'yan tsunduma sun wuce takwarorinsu a karatun Turanci da kimanin wata bakwai a aji biyar, da kimanin wata tara a aji takwas. A lissafi da kimiyya ba a ga wani bambanci ba, ba gaba ba baya. Binciken ya haɗa harsuna huɗu ne, Sifaniyanci da Japananci da Rashanci da Mandarin, don haka kada a ɗora nasarar a kan Sinanci shi kaɗai.

Inda gizo ke saƙar shi ne rubutu.

Shin ko kun san cewa makarantar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka tana lissafa sa'o'i 2,200 na aji kafin mai jin Turanci ya iya aiki da Mandarin, alhali Sifaniyanci ko Faransanci sa'o'i 600 zuwa 750 sun isa? Babban dalili shi ne Sinanci ba shi da abacada. Kowace alama sai an haddace siffarta, da lafazinta, da ma'anarta, da jerin yadda ake zana layukanta, wanne kafin wanne. A ƙasar Sin ana sa ran yaro ya gane alamomi kimanin 3,000 kafin ya gama firamare, shi da ke ganinsu a kan kowane shago da kowace motar haya. Yaron Yuta ko Oregon rabin yini kawai yake ganinsu, da ya fita ƙofar makaranta sai Turanci. Shi ya sa ake yawan samun ɗalibi mai ji sosai, mai hira ba gargada, amma idan aka miƙa masa littafin da ya dace da shekarunsa sai ya cije. Tun a 1985 masaniya Merrill Swain ta lura da makamancin haka a Kanada: 'yan tsunduma suna fahimta kamar 'yan gida, amma magana da rubutu ba sa ƙarasa goguwa sai an sa su suna yawan furtawa da rubutawa ana gyara musu.

Akwai pinyin, hanyar rubuta lafazin Mandarin da haruffan boko, wadda Sin ta amince da ita a 1958. Zhou Youguang, jagoran tsara ta, ya rasu a 2017 yana da shekara 111. Makarantu da dama ba sa gaggawar koyar da ita, don kada yaro ya rikita ta da haruffan Turancin da yake koyo a lokaci guda, kuma don kada ya jingina da ita ya ƙi haddar alamomin. Sannan ga zaɓi tsakanin sauƙaƙaƙƙen rubutu na Sin da Singafo, da rubutun gargajiya na Taiwan da Hong Kong. Iyali ya yi ƙaura daga wata gunduma zuwa wata, yaro ya tarar da alamomin sun sake kama.

Yanzu ku dubi uwa da daddare, ga takardar aikin gida a gabanta. A makarantu da yawa akwai shifta ta mako-mako, "tingxie" suke kiranta: malama ta faɗi kalma, yaro ya rubuta alamar da ka. Uwar ba ta iya ko furta abin da ke kan takardar, balle ta gane ɗanta ya yi daidai ko ya kauce. Ko duba ƙamus a da sai ka san tushen alama, daga cikin tushe 214 da ƙamus ɗin Kangxi na 1716 ya jera, ka ƙirga layuka. Yau wayar hannu na ɗaukar hoto ta faɗi ma'ana, amma waya ba ta gane dalilin da ya sa yaro ke maimaita kuskure ɗaya. Gidan da ke da hali sai ya ɗauki malamin lesin, ko ya biya wani a intanet, ko ya tura yaro sansanin hutu. Gidan da ba shi da hali sai ya zuba ido.

Nan ne hukumar makarantun gunduma ke shigowa. Amurka na da irin waɗannan gundumomi kimanin 13,000, galibi da zaɓaɓɓun wakilai ke tafiyar da su, kuma kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Ma'ana, unguwar masu kuɗi ta fi samun abin kashewa. Bayan annobar korona gwamnatin tarayya ta zuba wa makarantu kimanin dala biliyan 190 a zagaye uku. A zagayen ƙarshe, na 2021, doka ta ce gundumomi su kashe aƙalla kashi 20 cikin 100 wajen cike giɓin karatun da aka rasa. Da yawa suka zuba a ƙarin darasi.

Shin ko kun san ba kowane ƙarin darasi ne ke aiki ba? A 2020 masana uku, Nickow da Oreopoulos da Quan, sun tattara gwaje-gwaje 96 suka tace. Wanda ya fi tasiri shi ne na malami ko mataimakin malami mai horo, sau uku ko fiye a mako, ga yaro ɗaya ko 'yan ƙalilan, kuma a cikin lokacin makaranta, ba bayan an tashi ba. Shi kuwa tsarin "ga manhaja nan, duk mai buƙata ya shiga", wani bincike a rukunin makarantun Aspire a Kalifoniya ya gano ɗalibai kimanin 19 cikin 100 ne suka taɓa leƙawa, kuma waɗanda suka fi buƙata su ne suka fi ƙin shiga. Wannan bai ba ni mamaki ba. Yaron da ya riga ya ji kunyar gazawarsa ba shi ne zai kunna kwamfuta da kansa ya nemi baƙo ba.

Ga ɗan tsunduma matsalar ninki biyu ce. Ƙarin darasin da gunduma ke tanada galibi na karatun Turanci ne da lissafi, kuma da Turanci ake yin sa. Yaron da ya koyi rabawa da ninkawa da Mandarin, idan ya makale, sai an fara tantancewa: lissafin ne bai gane ba, ko harshen? Haka idan karatu ya yi masa nauyi, sai an bincika ko yana da larurar karatu da za ta bayyana a kowane harshe, kafin a yanke cewa Sinanci ne ya fi ƙarfinsa a cire shi. Mai iya wannan tantancewa sai wanda ya san harsunan biyu ya kuma san koyarwa. A ganina gundumar da ta buɗe ajin tsunduma ta gayyaci 'ya'yan kowa, ta ɗauki alkawarin samar da irin wannan mutum a cikin makaranta, kyauta. In ba haka ba, ƙuri'a za ta shigar da ɗan talaka da ɗan mai kuɗi tare, aljihu ya tace wanda zai kai ƙarshe. Wa'adin ware kuɗin korona ya cika a watan Satumba na 2024, yanzu kowace gunduma daga asusunta za ta biya, ko ta rufe shirin.

Su ma malaman ba a samunsu da sauƙi. Jihohi da dama sun dogara da malaman aro daga Sin da Taiwan, masu zuwa da bizar musaya ta 'yan shekaru su koma, sai a sake horar da sababbi. Cibiyoyin Confucius, da suka taimaka wajen kawo malamai da littattafai, sun ragu a Amurka daga kusan 100 a 2019 zuwa ƙasa da biyar a 2023, bayan dangantakar Amurka da Sin ta yi tsami.

Wani abu kuma: kujerar da yaro ya bari a aji huɗu da wuya a cike ta, domin yawancin makarantu ba sa karɓar sabon shiga bayan aji ɗaya ko biyu sai ya ci jarrabawar harshen. Aji na ta ƙanƙancewa, kuɗin riƙe shi na ta nauyi a kan hukuma.

Waɗanda suka jure fa? Tun 2007 akwai jarrabawar AP ta Sinanci, wadda cin ta kan sa jami'a ta yafe wa ɗalibi wasu darussa. Akwai hatimin iya harsuna biyu da ake mannawa a takardar kammala sakandare, wanda Kalifoniya ta fara kafa dokarsa a 2011, sauran jihohi suka bi. A Yuta 'yan tsunduma kan zauna jarrabawar AP tun suna aji tara, wato shekarar farko ta babbar sakandare, wanda ya ci kuma sai ya shiga darussan jami'a na mataki na sama da Sinanci, malaman jami'a da na sakandare suna koyarwa tare, tun bai bar makarantar garinsu ba.